Koyon tsara shafin yanar gizo a kudancin Jigawa

Tsara shafin yanar gizo sana'a ce ta shirya abin da mutum ke gani kuma yake taɓawa idan ya buɗe shafi ko manhaja: rubutu, launi, hotuna, maɓallai da yadda aka jera su. Masu rubuta manhaja suna kiran wannan ɓangare fuskar manhaja. A ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin jihar Jigawa, mai son koyon sana'ar yakan fara ne da wayar hannu da darussan kyauta na intanet, domin manyan makarantun da ke koyar da ilimin kwamfuta suna wasu garuruwan jihar.

Makarantu da shirye-shirye

Mafi kusa su ne Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. Akwai kuma cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, can arewa maso yammacin jihar, wadda ta faro a zamanin gwamna Saminu Turaki. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT tare da hukumar NITDA, da nufin horar da mutum miliyan 3, kuma tsara fuskar manhaja na cikin darussansa.

Darussan intanet

Ginshiƙan aikin uku ne. HTML ke tsara ƙashin shafi, CSS ke ba shi kama da launi, JavaScript kuma ke sa shi motsi. Shafin freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, yana koyar da su mataki-mataki a cikin burauza, kuma yana ba da takardar shaida kyauta. W3Schools ya fi sauƙi ga ɗan koyo saboda gajerun misalansa, amma MDN Web Docs na kamfanin Mozilla shi ne ƙwararru suka fi dogara da shi. Wajen zanen fuska ana yawan amfani da Figma, sai dai tana buƙatar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, abin da ba kowane ƙauye a Gwaram ke da shi ba.

Saboda tsadar data da ɗaukewar wuta, kayan da ke aiki ba tare da intanet ba sun fi amfani a nan. DevDocs yana bari a sauke bayanan HTML da CSS a karanta daga baya, manhajar Acode kuma tana ba da damar rubuta shafi da gwada shi a wayar Android. Takarda da biro ma kayan aiki ne, domin masu zane da dama da su suke fara zayyana shafi.

Rubutun Hausa a shafi

Kusan duk waɗannan darussa da Turanci suke, kuma ba sa tabo matsalolin da shafin Hausa ke fuskanta. Ta farko ita ce haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Dukkansu suna cikin tsarin Unicode, lambar ƙ ita ce U+0199, amma ba kowane nau'in haruffa ke ɗauke da su ba. Idan babu su, burauza takan aro harafin daga wani nau'in dabam, sai ya fito ya bambanta da 'yan uwansa, ko kuma ya zama ɗan akwati. Noto Sans na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL suna da su cikakku. Ana kuma sa alamar lang="ha" a saman shafi don burauza ta san harshen.

Cire ƙugiyar ba mafita ba ce, tunda kafa dabam, ƙafa dabam, haka daki da ɗaki. Amma mutane da yawa ba sa sa ƙugiya idan suna rubutu a waya, don haka akwatin bincike mai kyau dole ya nemo "Ƙasa" ko da "kasa" aka rubuta. Dabarar da darussan Turanci ke koyarwa ta cire alamar saman harafi, irin ta é ɗin Faransanci, ba ta aiki a nan, saboda Unicode ya ɗauki ƙ a matsayin harafi mai zaman kansa. Sai mai rubuta manhajar ya haɗa k da ƙ da hannunsa.

Alamar da ke cikin 'ya'ya da Jumma'a ita ma tarko ce: irinta JavaScript da SQL ke amfani da ita wajen buɗe jimla da rufe ta, kuma suna kamar Sa'idu yana iya lalata fom ɗin rajista da ba a rubuta da kyau ba. Fassara kuma takan fi Turanci tsawo, maɓallin da aka auna da kalma ɗaya sai ya kasa ɗaukar "Ajiye canje-canje" a ƙaramin allon waya.

Shafin ajami yana buƙatar alamar dir="rtl", domin daga dama ake karanta shi. SIL ta fitar da nau'in haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano.