Manhajar Java da takunkumin Sudan: daga Mai Wurno zuwa Port Sudan

Garin Mai Wurno, a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sennar, ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya jagoranci ragowar muhajirai zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu, da sauran Hausawan da noman audugar Jazira ya zaunar tun 1925, sun shiga zamanin kwamfuta ta ƙofar da aka kusa rufewa.

A 1995 kamfanin Sun ya fito da Java da alkawarin cewa manhajar da aka rubuta sau ɗaya za ta yi aiki a ko'ina. Ɗora ta a girgije, wato hayar kwamfutocin wani kamfani ta intanet, aiki ne mai sauƙi: a dunƙule manhajar cikin fayil ɗin WAR, a aika shi ga sabar mai ɗauke da Tomcat, a haɗa shi da rumbun bayanai, a biya kuɗin haya da kati. Amazon ya buɗe wannan kasuwa a 2006, Google App Engine kuma ya karɓi Java a 2009.

Sai dai “ko'ina” ɗin bai haɗa da Sudan ba. Tun Nuwamban 1997 gwamnatin Clinton ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin ciniki, kamfanonin Amurka kuwa suka bi doka. Ɗalibin da ke koyon Java a Jami'ar Jazira ta Wad Madani yana iya kammala manhajarsa tsaf, amma shafin Oracle, wanda ya sayi Sun a 2010, ya hana shi sauke kayan aikin, na Google kuma ya ƙi buɗewa, in ba ya ɓad da sawu ta VPN ba. Ko ya tsallake wannan, ba shi da katin biya. An ɗage takunkumin a Oktoban 2017, amma bankunan ƙasar ba su fara ba da katin Visa ba sai bayan an cire Sudan daga jerin ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci a Disamban 2020. Shekara ashirin ke nan, kuma wanda aka horas ba janar-janar ba ne, masu koyo ne.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya fallasa wani rauni daban. A lokacin, manyan cibiyoyin bayanai na kamfanonin sadarwa a Khartum suke, yankin da dakarun RSF suka mamaye. A Disamba suka kama Wad Madani. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke. Manhajar da ke zaune lafiya a wata sabar Turai ba ta tsinana wa ƙauyen da babu layi komai ba. Mutanen Jazira suka koma biyan kuɗi a wuraren da aka kafa Starlink, don su buɗe Bankak, manhajar Bankin Khartum, su karɓi abin da dangi suka turo. Zain bai dawo ba sai a watan Maris, bayan ya kafa sabuwar cibiya a Port Sudan.