Ranar da Jirgi Ya Yi Tsere da Inuwar Wata Bisa Hanyar Alhazai

Ranar Asabar, 30 ga Yuni 1973, a ƙarshen watan Jimada Ula na 1393, aka yi husufin rana a Afirka. Inuwar wata ta shigo ta gaɓar Muritaniya, ta ratsa Mali da arewacin Nijar da Cadi, ta bi ta kudancin Sudan ta nufi Kenya. A nan Jazira da bakin Shuɗin Nilu ba a yi duhu ɗungum ba, wani ɓangaren rana ne ya kama bayan azahar. A wannan rana wani jirgin sama na gwaji mai suna Concorde 001 ya shiga cikin inuwar, ya yi tsere da ita bisa Hamada, sannan ya sauka a Fort Lami, wato Njamena ta yau, zangon da kakanninmu suka sani sarai a tafiyarsu ta gabas.

Hanyar ta girmi jirgin nesa ba kusa ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har suka zauna kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa. Alhazan ƙafa kan yi shekaru a hanya. Sukan yi noman damina a wani zango, su tara guzuri, su ƙara gaba ta Abeshe da Jinaina da Fashir da Al-Ubayyid kafin su kai Sawakin. A 1925, shekarar da aka gama madatsar Sinnar, jiragen yaƙin Ingila uku ƙarƙashin Arthur Coningham suka taso daga Hilwan ta Masar ranar 27 ga Oktoba, suka bi ta Hartum da Fashir da Fort Lami da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Tafiyar shekaru ta koma ta kwana shida, amma ko kwata na saurin sauti jiragen ba su kai ba.

Sauti yana gudun kimanin kilomita 1,225 a awa kusa da ƙasa, ya ragu zuwa wajen 1,060 a can sama inda sanyi ya yi yawa. Masana suna kiran wannan sauri Mak 1, ninkinsa kuma Mak 2. Mai karatu ya ɗauki misalin mai jaki da kaya a kasuwar Madani, yana tafe yana cewa a ba da hanya. Muryarsa ta riga shi isa, mutane suna darewa. To da zai yi gudu daidai da muryarsa, babu wanda zai ji kafin ya iso, sai karo. Haka jirgi yake da iska. Muddin bai kai saurin sauti ba, motsinsa yana riga shi gaba, iska tana buɗa masa. Da ya kusanci Mak 1 sai iskar ta cunkushe ta zama kamar bango bisa fukafukai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa da suka sulmiyo daga sama da gudu sun ga jirgi yana karkarwa, hancinsa yana nutsewa ƙasa, sandar tuƙi kuma ta ƙi motsi. Wasu ba su dawo sun ba da labari ba.

Ranar 27 ga Satumba 1946 Geoffrey de Havilland, ɗan mai kamfanin da ya ƙera jirgin DH 108, yana gwada shi bisa bakin kogin Thames sai jirgin ya wargaje a sama, ya mutu. A farkon shekarar gwamnatin Ingila ta riga ta soke aikin Miles M.52, jirgin da aka tsara musamman don ƙetare wannan bango. Sai fagen ya koma Amurka. Injiniyoyin kamfanin Bell sun san cewa harsashi yana wuce sauti ba tare da ya karkace ba, saboda haka suka yi wa jirginsu X-1 siffar harsashi, da siraran fukafukai da injin roka. Suka kuma sa shimfiɗaɗɗen wutsiyar ya riƙa juyawa gaba ɗayansa, domin ƙaramin marfin da ke bayanta ya daina aiki idan iska ta cunkushe. Ranar 14 ga Oktoba 1947 wani babban jirgi B-29 ya ɗauki X-1 a cikinsa ya sake shi bisa hamadar Kalifoniya. Matuƙin, Chuck Yeager, ya faɗo daga doki kwana biyu kafin nan ya karya haƙarƙari biyu, ya ɓoye wa manyansa, har sai da guntun sandar tsintsiya ya iya rufe ƙofar jirgin. A tsayin kimanin mita 13,000 ya kai Mak 1.06, karkarwar ta lafa, ya sauka lafiya.

Bayan wannan bango sai aka tarar da wasu biyu. Na farko zafi ne, domin iskar da jirgi ya matse a gabansa tana ɗumama ƙarfensa. Na biyu daidaito ne, domin dogon jirgi mai gajerun fukafukai yana iya ƙwacewa ya riƙa wuntsilawa idan aka juya shi cikin tsananin gudu. Scott Crossfield ya kai Mak 2 a Nuwamba 1953. Ranar 27 ga Satumba 1956, shekara goma cif bayan mutuwar de Havilland, Milburn Apt ya kai Mak 3.2 a jirgin X-2. Da ya juya don komawa gida sai jirgin ya ƙwace masa, kuma bai tsira ba.

Waɗannan jiragen mutum ɗaya suke ɗauka, gudunsu kuma na 'yan mintoci ne. Da Faransa da Ingila suka ƙulla yarjejeniya a Nuwamba 1962, abin da suke nema shi ne jirgin da zai ɗauki fasinja ɗari ya yi awoyi a Mak 2. Sun tsaya a wannan sauri ne saboda da alminiyam za su ƙera shi, shi kuwa ba ya jure zafin da ya wuce nan. Ko a haka hancin Concorde yakan kai digiri 127, jikinsa ya ƙara tsawo kusan taƙi guda. Idan ya wuce sauti, wurin da iska ke tallafe shi yakan ja baya, sai a tura mai daga tankunan gaba zuwa na wutsiya, kamar yadda madugu yake gyara kayan raƙumi idan ya rinjaya. A bakin kowane inji akwai marafe masu motsi da suke rage gudun iska kafin ta shiga. André Turcat ya fara tashi da Concorde 001 a Tulus ranar 2 ga Maris 1969. Tarayyar Sobiyet ta riga su da wata biyu da nata Tu-144, wanda ɗaya daga cikinsu ya faɗi a bikin baje jirage na Faris ranar 3 ga Yuni 1973, mutum 14 suka mutu, takwas daga cikinsu a ƙasa suke.

Kwana 27 bayan wannan hatsari Turcat ya tashi daga tsibirin Kanari da masana taurari na Faransa da Ingila da Amurka, cikinsu har da Pierre Léna, wanda ya kawo shawarar tafiyar. An fasa tagogi a rufin jirgin don na'urorinsu. Mutumin da ke tsaye a ƙasa, ko a arewacin Nijar inda husufin ya fi daɗewa, minti bakwai da daƙiƙa huɗu kawai zai samu na cikakken duhu. Inuwar tana gudun fiye da kilomita 2,000 a awa, don haka dole jirgin ya iso mahaɗarsu bisa Muritaniya a kan daƙiƙa. Ya iso, a tsayin kimanin mita 17,000, ya zauna cikin duhun minti 74. A cikin waɗannan mintoci ya ci fiye da kilomita 2,500, kusan nisan Kano zuwa Hartum.

Duk da haka Concorde bai zama jirgin jama'a ba. Jirgin da ya wuce sauti yana jan tsawa a bayansa duk inda ya bi, waɗanda ke ƙasa ne suke shan ta. A 1973 Amurka ta hana jiragen fasinja irin wannan gudu bisa ƙasarta. Kamfanoni da yawa sun riga sun janye, a ƙarshen shekarar kuma farashin mai ya tashi. Guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka yi jigila daga 1976 zuwa 2003, kuma attajirai ne suka hau. Jirgin da ya kwashe alhazai daga Kano zuwa Jidda shi ne Boeing 747, wanda ya fara tashi mako uku kafin Concorde. Bai kai rabin saurinsa ba, amma yana ɗaukar mutum ɗari huɗu ko fiye a kuɗin da manomi zai iya tarawa.

Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa, kuma garuruwanmu shaida ne. Da alhazan farko sun sami jirgi, da babu wanda zai tsaya cirar auduga a Jazira har ya yi aure ya gina gida, da babu Hausa a bakin Nilu. Tun Afrilu 2023, da yaƙi ya rufe filin jirgin Hartum, da yawa daga cikinmu sun sake auna waɗannan hanyoyi da ƙafa kamar kakanninsu. Shi kuwa Concorde 001 an ajiye shi tun Oktoba 1973 a gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget kusa da Faris, da tagogin husufin a rufinsa.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.