Mata Bakwai na Edinbura da Rigimar Lasisin Likitanci

A watan Maris na 1869 wata Baturiya mai suna Sophia Jex-Blake ta nemi gurbin karatun likitanci a Jami'ar Edinbura da ke Sikotlan. Hukumar jami'ar ta ƙi, bisa hujjar cewa ba za a yi tanadi na musamman saboda mace ɗaya tak ba. Maimakon ta haƙura, sai ta buga sanarwa a jaridar The Scotsman tana neman mata masu irin burinta. A Nuwamban shekarar aka shigar da na farkonsu cikin rajistar ɗalibai, abin da wata jami'a ba ta taɓa yi wa mata ba a Birtaniya. Daga bisani suka cika bakwai: ita da Isabel Thorne da Edith Pechey da Matilda Chaplin da Helen Evans da Mary Anderson da Emily Bovell.

An karɓe su, amma da sharaɗi: ajinsu daban, kuɗin karatunsu kuma ya fi na maza. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙiyayyar ba ta tsananta ba sai da suka fara yin fice. A 1870 Edith Pechey ta zo ta ɗaya cikin 'yan shekarar farko a jarrabawar kimiyyar sinadarai, matsayin da ya ba ta damar samun tallafin karatu na Hope. Farfesa Crum Brown ya miƙa tallafin ga namijin da ke ƙasa da ita, wai don matan ba 'yan ajin ainihi ba ne. Jami'ar da ta ware su da hannunta, ita ce kuma ta hukunta su saboda warewar.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1870, sun nufi zauren likitocin tiyata don jarrabawar ilimin sassan jiki, sai suka iske cincirindon ɗalibai maza da 'yan kallo. Aka jefe su da taɓo da shara, aka rufe musu ƙofa, har tunkiya aka saka cikin zauren. Sun rubuta jarrabawar duk da haka. Labarin ya bazu a jaridu, ya kuma jawo musu magoya bayan da ba su da su a da.

A ganina rigimar ta wuce ta kujerar aji. Ta abinci ce. Wanda ba ya cikin rajistar likitoci ba a ɗaukarsa cikakken likita, kuma digiri na cikin manyan ƙofofin shiga rajistar. Nan aka tsare su. A 1873 babbar kotun Sikotlan ta yanke cewa jami'ar na da ikon hana su digiri, har ma tun farko bai kamata a ɗauke su ba. Ɗaya daga hujjojin Jex-Blake kuwa ita ce mata da yawa sun fi son mace ta duba su, maganar da ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe.

Faɗuwa a kotu ta mayar da gwagwarmayar Landan, inda aka buɗe makarantar likitanci ta mata a 1874. A 1876 majalisar dokoki ta halatta wa hukumomin ba da lasisi su jarraba mata. Jex-Blake ta sami digiri a Bern ta Suwizalan a 1877, ta karɓi lasisi a Dublin, sannan ta koma Edinbura ta buɗe wurin duba marasa lafiya a 1878. Pechey kuwa ta tafi Indiya, ta jagoranci asibitin mata na Cama a Bombai.

Sai a watan Yulin 2019, shekara 150 bayan shigarsu, Jami'ar Edinbura ta ba su digirin girmamawa. Ɗalibai mata bakwai masu karatun likitanci ne suka karɓa a madadinsu.