Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Nozul Da Kumfar Da Ke Cin Ƙarfe

Wani mai sauraronmu daga Ƙaramar Hukumar Igabi, mai injin niƙa da tarakta, ya aiko da tambaya cewa: me ya sa nozul ɗin injin gas ke lalacewa, alhali ƙarfe ne, kuma ba abin da ke bi ta cikinsa sai mai? Ya ce bana kaɗai sau biyu yana zuwa Panteka neman sabo.

To Malam, muna godiya, amma amsar taka sai mun ɗan koma baya.

Shi injin gas, wato dizal, sunan wanda ya ƙirƙiro shi ya ci, wani Bajamushe Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a garin Augsburg a 1897. Ba shi da fulogi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sai a fesa mata mai ya kama da kansa. Manoma ga naku: a bikin baje kolin Paris na 1900 an tayar da irin wannan inji da man gyaɗa zalla.

Tun farko feshin nan ne ciwon kai. Da iska mai ƙarfi ake tura man, kuma na'urar iskar ƙatuwa ce, don haka sai masana'antu da jiragen ruwa. A 1927 ne kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera famfon da ke tura mai kai tsaye da yawan da za a sayar wa duniya, wanda kanikawanmu ke kira injakta. Daga nan manyan motoci suka samu hanya. A 1929 kamfanin Lister na Ingila ya fito da injin nan mai silinda ɗaya, kakan injinan niƙan ƙauyukanmu. Jiragen ƙasa masu ratsa Kaduna ma sun fara barin kwal suna komawa gas tun shekarun 1950.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ramin da ke bakin nozul na zamani bai fi kaurin gashi biyu ba. Ƙarfin da ke tura mai ta cikinsa kuwa, a motocin da aka fara fitarwa a 1997 da sabon tsarin feshi mai kwamfuta ya kai ma'aunin ba 1,350, na yau sun wuce 2,000, wato kusan ninki dubu na iskar tayar ƙaramar mota. Idan man ya sha kwana da gudu zai shiga ramin, matsin da ke kansa yakan faɗi farat ɗaya a daidai kusurwar, sai ya tafasa ba tare da wuta ba, ya yi 'yan ƙananan kumfa. Da sun matsa gaba matsi ya dawo, sai su rufta. Kowace ruftawa kamar bugun 'yar guduma ce a jikin ƙarfen, kuma yau da gobe ai ba ta bar komai ba.

Ba a nozul aka fara gane wannan ba, a farfelar jirgin ruwa ne. Wani injiniyan Ingila, Charles Parsons, ya yi fama da ita a shekarun 1890, sannan Lord Rayleigh ya fitar da lissafin ruftawar kumfa a 1917. To amma wa zai leƙa cikin ramin da ko allura ba ta shiga? Masana sun yi dabarar ƙera ƙaton nozul na roba mai kama da gilashi suna ɗaukar hoto. Sai kwamfuta ta zo. A 1985 cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka ta fitar da manhajar KIVA mai kwaikwayon feshi da ƙonewar mai. A yau akan zana ramin a kwamfuta, a yanka shi gida-gida har miliyoyi, ta lissafa gudun mai da matsinsa a kowane gida, ta nuna inda kumfa za ta taso tun ba a taɓa ƙarfe ba. Shi ya sa yanzu ake goge kusurwar ramin ta yi santsi, a kuma tsuke shi kaɗan ta wajen fita. Ba a kashe kumfar gaba ɗaya, don 'yar kaɗan tana taimaka wa mai ya watsu kamar hazo.

Amma Malam, gaskiya ɗaya ce: tsohon injin niƙa bai da matsin da kumfa za ta zama babbar abokiyar gabarsa. Nasa ciwon ƙura ce, da ruwa a cikin mai, da gas ɗin da aka surka da kananzir, wanda ke rage santsin da allurar nozul ke buƙata. Sabuwar tarakta ta fi shi rashin haƙuri da irin wannan mai.

Don haka a bar gas ya kwana a jarka ya kwanta kafin a zuba, a riƙa canza filta. Kada a yarda yaron shago ya zura waya ko allura a ramin don wai ya buɗe shi, siffar da aka sha wahalar lissafawa ce zai ɓata, sai baƙin hayaƙi da shan mai. In ka je Panteka, nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ka sa a ɗora shi a famfon gwaji a gabanka. In ya yi feshi kamar hazo ya yanke tsaf, lafiya lau. In yana ɗiga ko tsartuwa, a canza. Kuma kada ka kai hannu gaban feshin, yana huda fata.

Da fatan ka gamsu.