Yaran da Rana ke Ƙonawa

Tun 2015, da aka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tsakanin Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kan yadda jiki ke gyara DNA idan ta lalace, ake ta muhawara kan waɗanda aka bari a baya. Ni kam sunan James Cleaver ne ya tsaya min a rai.

A birnin Viyana, cikin 1874, likitan fata Moriz Kaposi ya bayyana wata cuta da daga baya ya raɗa wa suna xeroderma pigmentosum. Yaro bai kai shekara biyu ba sai ɗigo-ɗigon baƙi su feso masa a fuska da bayan hannu, fatar ta bushe, idanu su yi ja, alhali inda riga ta rufe sumul yake. Kafin ya balaga sankarar fata ta kama shi. Aka shafe shekara 90 ana ɗora wa rana laifi.

Rana ba ta kuɓuta ba, amma ai kowa tana dukansa. Haskenta na UV yana manne wasu haruffan DNA biyu da ke maƙwabtaka, sai jikin mai lafiya ya yanke gurbin ya sake ɗinke shi. A 1964 Richard Setlow ya nuna wannan aiki a ƙwayoyin bakteriya. A 1968, a San Faransisko, Cleaver ya haska UV a kan ƙwayoyin fatar masu cutar, ya tarar gyaran ba ya yiwuwa. Nan aka fara kama hujja cewa gazawar gyaran DNA, wadda ake gada daga uwa da uba duka, tana haifar da sankara a jikin ɗan Adam.

Masu cewa ƙarancin launin fata ne, kamar na zabiya, sun kauce hanya: baƙaƙen yara a tsibirin Mayot suna fama da ita. A Amurka kusan mutum 1 cikin miliyan ke da cutar, a Japan 1 cikin kusan 22,000, kuma tana da yawa a Tunisiya da Maroko inda auren zumunci ya yawaita, abin da ya kamata mu ma ya sa mu buɗe ido. Binciken cibiyar lafiya ta NIH a 2011 ya nuna haɗarin sankarar fata gare su kafin shekara 20 ya ninka na sauran mutane sau 10,000.

Sancar ya cancanci kyautarsa, shi ya warware yadda gyaran ke gudana daki-daki. Amma Cleaver ne ya haɗa ɗakin gwaji da gadon majinyaci, kuma ba a yi masa adalci ba.