Rugujewar Tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, Kamar Yadda Ake Hango Ta Daga Bagudo



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda wata babbar tarayya ta maƙwabtanmu ta wargaje, da abin da wargajewar ta jawo wa talakawan da ke zaune a bakin iyaka. Na zaɓi mu tsaya a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi mu hangi al'amarin, domin kuwa a wajen nan ne, kusa da garin Lolo, Kogin Kwara ya shigo Nijeriya, nan ne kuma iyakokin Nijeriya da Nijar da Binin suka haɗu.

Mutanen wannan yanki ba baƙin rabuwa ba ne. Kafin zuwan Turawa, Illo da Busa da Nikki su ne manyan garuruwan Bargu, sarakunansu kuwa suna ɗaukar kansu 'yan'uwa, zuriyar Kisra. Fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare Kwara a Illo, su ratsa Bargu har Jugu, ba mai tambayarsu takarda sai dai fito. A cikin shekara ta 1894 Kyaftin Lugga da jakadan Faransa suka yi rige-rigen isa Nikki, sa'an nan a 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka yanka Bargu biyu. Illo da Busa suka faɗa hannun Ingilishi, Nikki ta faɗa hannun Faransawa.

To, a ɗaya gefen wannan layi Faransawa sun haɗa ƙasashensu wuri guda. Tun 1895 suka kafa Tarayyar Afirka ta Yamma, wadda daga bisani ta ƙunshi ƙasashe takwas, Babban Gwamna yana zaune a Dakar. Cikinsu har da Nijar da Dahomi, watau Binin ta yau. A zamanin nan Gaya da Malanbil, waɗanda ke kallon juna kogi na tsakaninsu, ubangijinsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya, dokar kwastan ɗaya. Dahomi ta riga yawancinsu samun boko, saboda haka 'ya'yanta suka cika ofisoshin Yamai da Abijan, akawuna da malaman makaranta da na asibiti. Nijar kuwa ba ta da teku, sai kayanta su taso a jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa Faraku, daga nan manyan motoci su kwasa su yi arewa. A 1958 aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil.

Me ya kashe wannan tarayya? Lalle ba ƙiyayyar talakawa ba ce. Babban dalili shi ne baitulmali. Kuɗin kwastan yana taruwa a Dakar ne, a raba wa kowa, Kwaddebuwa kuwa mai arzikin koko da kofi tana ganin ita ke nema wasu na ci. Shugabanta Hufuwe Buwanyi ya fi son kowace ƙasa ta yi hulɗa da Faransa ita kaɗai, Sengor na Senegal kuwa yana gargaɗin cewa gutsuttsura ƙasashen zai bar su ba ƙarfi. Dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowace ƙasa gwamnatinta, ta bar Dakar ba wani iko. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama ran 28 ga Satumba 1958, Gini ta ce a'a ta fice. A Nijar Jibo Bakari ya nemi a bi sawun Gini, bai yi nasara ba, mulki ya koma hannun Jori Hamani.

A farkon 1959 Senegal da Sudan ta Faransa da Bolta da Dahomi suka yi ƙoƙarin ceto abin da ya saura, suka ƙulla Tarayyar Mali. Ba a je ko'ina ba Bolta da Dahomi suka janye, suka bi Kwaddebuwa da Nijar cikin wani ƙawance maras gwamnatin tsakiya. Biyun da suka rage kuma suka ɓata a watan Agusta na 1960. A watan nan ne Dahomi ta sami mulkin kai ran 1, Nijar ran 3. Kowa ya kama gabansa.

Nan ne fa talaka ya fara gani a jikinsa. Takardun gwamnonin Faransa sun ce kogi ne iyakar Nijar da Dahomi, amma ba su fayyace wa ke da tsibiran da ke cikinsa ba, don a lokacin ba wanda abin ya dama. Tsibirin Lete, inda Fulanin Nijar ke kiwo, manoman Dahomi ke noma, ya zama abin jayayya, har aka yi asarar rayuka a 1960. Bayan soja sun tuɓe Shugaba Maga a watan Oktoba na 1963, zumunci ya ƙara tsami. Nijar ta kori dubban 'yan Dahomi, galibinsu ma'aikatan hukuma da iyalansu, Dahomi kuwa ta tare hanyar kayan Nijar. Akawun da jiya yake ɗan gida, yau ya wayi gari baƙo. An yi sulhu a 1965, amma shari'ar Lete ba ta ƙare ba sai 2005, sa'ad da Kotun Duniya da ke Heg ta ba Nijar tsibirin. Shekara 45 ke nan ana biyan bashin rabuwar da aka yi cikin gaggawa.

Kada ɗalibai su ɗauka wannan tsohon labari ne kawai. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975 domin a ɗinke irin wannan ɓaraka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya, motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, matafiya suka koma kwalekwale, 'yan kasuwa suka shiga neman hanyar zagaye, ciki har da wadda ta biyo ta Segbana ta shigo Tsamiya a ƙasar Bagudo. A watan Janairu na 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata.

Abin da nake so ma'aikatan hukuma su riƙe shi ne wannan. Shugabanni sukan raba tarayya a kan kuɗi da muƙami cikin 'yan watanni, amma maganar wa zai ƙetare kogi, wa zai yi kiwo a tsibiri, ina makomar ma'aikacin da aka haifa a wancan gefe, ita ake bari a baya, ita ce kuma ke cin shekaru. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Duk yarjejeniyar da za a rubuta, ta haɗuwa ko ta rabuwa, wajibi ne a fara tambaya ko ta bar wa mutumin Illo da na Lolo hanyar zuwa wurin ɗan'uwansa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.