Daga Tashar Ƙaura Zuwa Gidan Zoo: Tarihin Fita Kallo Da Yara

Duk lokacin da Sallah ta matso, ko aka ba da hutun makaranta, akwai wata 'yar shari'a da ake yi a gidaje da dama, tun daga Zurmi har Shinkafi da Ƙauran Namoda. Yara su ne masu ƙara, maigida kuma shi ake ƙara. Ƙarar dai ba ta wuce, "Baba, yaushe za ka kai mu wurin lilo?" Sun gani a fim, sun gani a wayar yayarsu, ga kuma ɗan maƙwabta da ya je hutu Kano ya dawo ya cika musu kunne da labarin zaki da jirgin ƙasan yara. Shi kuwa maigida lissafi yake yi: kuɗin mota, halin da hanya take ciki, da yadda zai yi da ɗan shekara uku a tsakiyar dubban mutane.

Mai karatu zai iya ɗauka wannan rigima ta zamani ce. Ko kusa. Fita kallo da yara tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma wanda ya bi tarihinsa zai ga cewa ƙa'idojin da ake buƙata a yau, kakanninmu sun riga sun shimfiɗa su tun kafin a kawo lilon ƙarfe ƙasar nan.

KAFIN ZUWAN INJI

A da can, babban wurin shaƙatawar yaro a ƙasar Zamfara shi ne garinsu da kansa, ranar Sallah. Da an sauko daga Idi sai ƙofar fada, a kalli hawa: dawaki da kwalliya, 'yan bindiga, makaɗa da maroƙa. Daga nan sai yawon Sallah gida-gida, a gaida gwaggo da inna da kaka, a karɓi barka da Sallah, a sayi rake da alewa da dakuwa. Lilo kuwa igiya ce a reshen tsamiya ko ɗorawa. Wanda yake son ya ji kansa yana juyawa, sai ya yi hajijiya har ya faɗi, kyauta, ba tikiti.

Namun daji ma su ne ke zuwa wurin yaro. Gardawa kan shigo gari ranar kasuwa da kura cikin takunkumi, da biri, da macizai, ana kiɗa ana kirari. Har akan ɗora yaro a bayan kura, wai don ya tashi ba tsoro. Babbar kasuwa irin ta Shinkafi, mai ci ranar Alhamis, ita kanta abin kallo ce ga yaron ƙauye da bai taɓa ganin raƙuma da jama'a masu yawa haka ba.

Abin lura shi ne wannan yawo yana da doka, ko da ba a rubuce take ba. Ba a sakin ƙaramin yaro shi kaɗai, sai an haɗa shi da yayarsa ko wansa. Ba a fita da yunwa, sai an ci tuwon Sallah. Ba a yin nisa. Sannan ga kashedin da kowace tsohuwa ke yi a bakin zaure: a riƙe hannun ƙanne, kuma kada magariba ta yi wa kowa a waje. Mai karatu ya riƙe waɗannan guda huɗu, za mu dawo kansu.

JIRGI DA MAJIGI

Inji na farko da ya zame wa yaran wannan yanki abin kallo ba don wasa aka kawo shi ba. A 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda, inda ya tsaya. Turawa sun shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga. Amma duk garin da jirgi ya shiga, tasha kan koma dandali. Ƙarar usur, hayaƙi, da jerin taragai sun ishi yaro labarin wata guda, balle a ce an sa shi ciki an kai shi Gusau.

Bayan jirgi sai majigi. Motar gwamnati kan zo gari, a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, a nuna finafinan tsafta da noma, irin su Baban Larai na shekarun 1950. Nan ne yara da yawa suka fara ganin hoto mai motsi, zaune a ƙasa gaban manya. Wato tun farko fim da fita kallo tare suka shigo mana. Kuma abin mamaki, a can ƙasar Turawa ma ɗan fim ne ya mai da wurin wasan yara yadda duniya ta san shi a yau.

ƊAN FIM ƊIN DA YA GINA GARI

Wuraren shaƙatawa sun daɗe a Turai. Lambun Tivoli da ke babban birnin ƙasar Denmak an buɗe shi tun 1843. Katafaren lilon nan mai kama da ƙafar keke, mai ɗaga mutane sama ya sauko da su, wani injiniya ne mai suna George Ferris ya ƙera shi don bikin baje koli na birnin Chicago a Amurka a 1893. Tsayinsa ya kai mita 80, yana da ɗakuna 36, kowane na ɗaukar mutum 60. Sai dai yawancin irin waɗannan wurare na manya ne da samari.

Walt Disney, mai finafinan zane, shi ya sauya abin. Yakan kai 'ya'yansa mata biyu hawan dokin katako mai juyawa a wani lambu a Los Angeles, shi kuma ya zauna a benci yana cin gyaɗa yana jiran su. A nan tunani ya zo masa: me zai hana a gina wurin da uba da 'ya'yansa za su ji daɗi tare? Ya kashe dala miliyan 17, ya buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955.

To, ranar buɗewar fa ba ta yi kyau ba. An buga tikitin jabu, mutane kusan 28,000 suka cika wurin, fiye da waɗanda aka gayyata nesa ba kusa ba. Rana ta ƙwalle, famfunan shan ruwa ba sa aiki saboda yajin aikin masu haɗa famfo, abinci ya ƙare, kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba har tsinin takalman mata na nutsewa a ciki. Idan mai dala miliyan 17 ya ji jiki a ranar cunkoso, ina ga magidanci mai yara uku da jaka ɗaya?

ZAMANIN AUDU BAKO

A Arewa, gidajen namun daji ne suka fara zama wurin kai yara. Jos ce ta yi gaba, da gidan tarihinta na 1952 da gidan dabbobin da aka yi a gefensa, sannan babban gandun namun daji na 1972 a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. A Kano kuwa, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ne uban tafiya. Shi ya gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, waɗanda suka zama wuraren shan iska, kuma a zamaninsa aka buɗe Gidan Zoo na Kano a 1972, wanda har yau yake ɗauke da sunansa.

Wannan gida ya sauya ma'anar yawon Sallah. Maimakon gida-gida, sai aka koma cika mota a nufi Gidan Zoo, a ga zaki da giwa da jimina, a hau lilo, a ɗauki hoto. Baƙi daga Katsina, Gusau, Sakkwato har da Maraɗi suka sa shi cikin jerin abin da ba a barin Kano sai an gani. Daga baya Abuja ta samu nata: Sarauniya Elizabeth ta buɗe Millennium Park a Disamba 2003, sannan aka buɗe Wonderland a 2007, mai manyan liluka irin na ƙasashen waje.

'Yan fim ma sun taka rawa a nan, ko da ba da niyya ba. Bayan Sangaya ya yi kasuwa a 1999, waƙa da rawa suka zama gishirin fim ɗin Hausa, daraktoci suka bazama neman lambuna, bakin ruwa da wuraren shaƙatawa don ɗaukar waƙoƙi. Yaron da ke kallon kaset a Zurmi ya ga ciyawa shar da furanni, ya sa wa ransa sai ya je. Kai, har ofisoshin 'yan fim da yawa a Kano a kan Titin Gidan Zoo suka taru.

Amma wurin wasa ba ya rasa haɗari. A Oktoba 2019 wani zaki ya kuɓuce wa masu kula da shi a Gidan Zoo na Kano, aka kwashe kusan kwana biyu kafin a mayar da shi keji. Allah ya kiyaye bai taɓa mutum ba, awaki ne suka biya bashin.

YARAN DA BA SU FITA BA

Mu dawo gida. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Da aka fara aiki da Shari'a a Janairu 2000 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, an rufe gidajen sinima, kallo ya koma cikin gida. Jirgin Ƙaura kuwa tuni harkarsa ta ja baya, tare da lalacewar jirgin ƙasa a faɗin Nijeriya a shekarun 1980 da 1990.

Babban abin da ya raba yaran wannan yanki da fita dai shi ne matsalar 'yan bindigar daji, wadda ta tsananta a shekarun 2010. Hanyoyin Zurmi zuwa Ƙaura, Zurmi zuwa Jibiya, da Ƙaura zuwa Shinkafi suka zama sai da addu'a. A Satumba 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a jihar na tsawon makonni. Yaron da aka haifa a waɗannan shekaru ya san ƙarar bindiga kafin ya san ƙarar usur ɗin jirgi. Wannan shi ya sa maganar kai shi wurin lilo ba maganar almubazzaranci ba ce. Yaro na da haƙƙin ya ga wani abu a duniya ban da gudu da ɓuya. Sai dai idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

ABIN DA TARIHI YA BAR MANA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga ƙa'idojin nan huɗu na tsofaffi, da kayan zamani a jikinsu.

Na farko, kada a yi nisa. Fitar farko ba ta buƙatar Abuja. Idan akwai ƙaramin wurin wasa a birni mafi kusa, ya wadatar, don yaro ɗan shekara huɗu bai san bambancin babban lilo da ƙarami ba. In kuwa Kano za a je, a haɗa da ziyarar dangi: yini guda na tafiya, a kwana a huta, washegari da safe a je kallo. Awa biyu zuwa uku sun isa. Abu biyu ko uku za a zaɓa, a bar saura sai wani jiƙon.

Na biyu, kada magariba ta yi a waje. A tambayi direbobin tasha da 'yan uwa halin hanya tun kwana ɗaya kafin tafiya, a bi motar da ke tashi da hantsi tare da sauran motoci. Idan labari bai yi daɗi ba, a fasa. Kukan yaro na yini guda ya fi kukan gida duka sauƙi.

Na uku, a riƙe hannun ƙanne. Babba ɗaya kada ya wuce yara biyu. A rubuta sunan yaro da lambar wayar mahaifinsa a takarda a sa masa a aljihu, a nuna wa mai wayon cikinsu ƙofar shiga a ce nan za a haɗu idan an rabu. A guji ranar Sallah da kashegarinta, a tuna da abin da ya samu Disney. Kwana huɗu ko biyar bayan Sallah dabbobin suna nan, layi ne kawai ya ragu. Lilon da aka ce yaro bai kai hawa ba, kada a roƙi mai tsaronsa. Wanda yaro ya ji tsoro, kada a tilasta masa don a ɗauki hoto. Keji kuma ba a zura masa hannu, ko na biri ne.

Na huɗu, ba a fita da yunwa. A tafi da ruwa, da ɗan abin taɓawa daga gida, da kayan canji na ƙarami. A ware kuɗin shiga daban, na lilo daban, domin a wurare da yawa kowane wasa da tikitinsa. Kuɗin motar komawa kuma a ɓoye shi inda roƙon yara ba zai kai ba.

A ƙarshe, a tuna da dalilin da ya sa aka gina irin waɗannan wurare tun asali: uba ne ya gaji da zama a benci. Don haka Malam, idan an je, a ajiye waya, a shiga jirgin yaran nan tare da su, a bar Hajiya ita ma ta hau. Bayan shekara talatin yaro zai manta nawa aka biya a ƙofa, amma ba zai manta wanda ya riƙe masa hannu a gaban kejin zaki ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyin Zamfara, ya raya mana zuri'a. Amin.